Tsofaffin katunan besbol na ƙananan lig: yadda ake gane su da yadda ake sa musu kuɗi

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Oakland ta jihar Kalifoniya, ina aikin kwashe kaya daga gidajen da za a sayar. Kwanan baya wata dattijuwa ta ba ni wani akwatin takalmi na mahaifinta, ta ce in tafi da shi. A ciki akwai ƙananan katuna kusan arba'in masu hotunan 'yan wasa baƙi da fari, an rubuta Zeenut a jikinsu, bayansu babu rubutu. Akwai guda shida masu launi da aka rubuta Obak a bayansu. Sai kuma ƙunshi-ƙunshi a leda na shekarun 1980, na wasu kulob da ban taɓa jin sunansu ba. Wani mutum a kasuwar 'yan gwanjo ya taya duka dala 300. In sallama ko in ce albarka? Kuma yaya zan san na gaske ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce masa albarka, aƙalla a yanzu. Ban ce mutumin macuci ne ba, domin mai saye a dunƙule dole ya taya ƙasa, shi ma kasada yake yi da kuɗinsa. Abin da ya sa na ce ka dakata shi ne har yanzu ba ka san abin da ke hannunka ba, shi kuwa mai yiwuwa ya sani. Zeenut arba'in da Obak shida, in dai na ainihi ne, ko babu shahararren ɗan wasa ko ɗaya a cikinsu, sun cancanci a zauna a duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a shiga maganar kuɗi.

Tambayoyinka biyu ne a rubuce, amma a wurina uku ne: wane kati ne wannan, na ainihi ne ko jabu, sannan nawa mutane suke biya a kansa. A jere ake bin su, ba a tsallake. A shekarun da na yi ina saye da sayar da tsofaffin katuna da hotuna a nan Amurka, yawancin asarar da na ga mutane sun tafka ta faro ne daga yin tambaya ta uku kafin a amsa ta farko.

Daga ina waɗannan katuna suka fito

Besbol a Amurka hawa-hawa ne. A sama akwai babban lig, inda kuɗi da suna suke. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan lig, inda matasa suke gogewa kafin a ɗauke su sama, tsofaffin 'yan wasa kuma su gangaro su ƙarasa rayuwar wasansu. Ƙananan sun haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya a 1901, kuma a 1949, lokacin da abin ya kai ƙololuwa, akwai lig 59 da kulob sama da 400 a Amurka da maƙwabtanta.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne lig ɗin gaɓar tekun Pasifik, wanda aka kafa a 1903, ake taƙaita sunansa da PCL. Sai a 1958 ne babban lig ya iso Kalifoniya, lokacin da Dodgers suka koma Los Angeles, Giants kuma suka koma San Francisco. Kafin nan, yaron da ya tashi a Oakland bai san wani gwani ba sai na Oakland Oaks, na tsallaken ruwa kuma sai San Francisco Seals. Kamfanonin yankin sun gane haka, sai suka riƙa buga hotunan waɗannan 'yan wasa a ɗan kwali suna sakawa cikin kwalin taba, da alewa, da burodi, da biskit, don a sayi hajarsu. Ba a buga su don a adana ba. Yara ne suka yi wasa da su, suka cusa a aljihu, suka manna a littafi da gam. Shi ya sa waɗanda suka tsira da lafiyarsu ba su da yawa.

Za ka riƙa cin karo da wasu lambobi irin T212 ko E137. Wani mutum mai suna Jefferson Burdick ne ya tsara su a kundin da ya fara fitarwa a 1939, wanda daga baya aka sani da American Card Catalog, kuma har yau da tsarinsa ake aiki. T na nufin katin kamfanin taba na ƙarni na ashirin, N na taba na ƙarni na sha tara, E na alewa, D na burodi. Tarin katunansa yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. In kana bincike, haɗa wannan lamba da sunan ɗan wasa zai kai ka ga katin da kake nema da sauri.

Zeenut ɗinka

Nan zan daɗe, don nan ne yawancin kayanka suke. Wani kamfanin alewa na San Francisco, wanda aka fi sani da Collins-McCarthy, shi ya riƙa fitar da su duk shekara daga 1911 zuwa 1938. Shekara 28 a jere ke nan, kuma duk na 'yan wasan PCL ne. Bayansu fari fat da ka gani daidai ne, haka suke.

Abu na farko da za ka duba shi ne ƙasan katin. Daga 1913 kamfanin ya fara haɗa ɗan tikiti a gindin kowane kati, wanda yaro zai yage ya tara ya kai a ba shi kyauta. Kusan kowane yaro ya yage nasa. Saboda haka kasuwa ta raba Zeenut gida biyu, mai tikiti da marar tikiti, kuma mai tikiti yakan ninka ɗan'uwansa kuɗi sau da yawa. In ka ga ƙasan katinka a yage ko a yanke da almakashi, kada ranka ya ɓaci, haka akasarinsu suke, kuma masu saye sun san da haka. Na 1911 da 1912 tun asali ba su da tikiti. In kuwa ka sami wanda tikitinsa yana nan, ka ware shi gefe nan take, kada ka lanƙwasa wurin da ya haɗu da katin.

Na biyu, shekara. Wasu shekarun an buga shekarar a fuskar katin, wasu ba a buga ba. Na 1933 zuwa 1936 ana haɗa su a rukuni ɗaya, domin zanen bai canza ba, kuma ranar ƙarewar wa'adi da ke kan tikitin ce kaɗai take nuna shekarar, ga shi an yage ta. In babu shekara, dabarar da nake bi ita ce in ɗauki sunan ɗan wasa da kulob ɗinsa in duba a shafin intanet na Baseball-Reference, inda aka jera wanda ya buga wa wa a wace shekara har a ƙananan lig. In mutum ya yi kaka biyu kacal a Sacramento, ka rage zaɓi zuwa biyu, sai ka kwatanta zanen da hotunan katunan waɗannan shekaru.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, sunaye. Katin yakan ɗauki sunan mahaifi ne kawai, don haka ka karanta a tsanake. Joe DiMaggio, wanda daga baya ya zama babban gwani a babban lig, ya fara ne a San Francisco Seals, inda a 1933 ya yi wasa 61 a jere ba tare da ya rasa dukan ƙwallo mai kyau ba, kuma yana cikin Zeenut na 1933 zuwa 1936. An rubuta sunansa DeMaggio, da harafin e, kuma wannan kuskure na kamfanin ne, ba alamar jabu ba ce. Amma ka lura su uku ne 'yan gida ɗaya, Vince da Joe da Dom, duk sun taɓa buga wa Seals, kuma tazarar kuɗi tsakanin Joe da 'yan'uwansa mai nisa ce, don haka ka tabbatar da wanne ne. Akwai Jim Thorpe, gwarzon gasar Olamfik ta 1912, a katin 1922 da rigar Portland. Akwai Paul Waner, Tony Lazzeri, Mickey Cochrane, Lefty Gomez, Earl Averill da Ernie Lombardi, waɗanda duk daga baya aka shigar da su zauren karrama gwanayen besbol da ke Cooperstown. Akwai Lefty O'Doul, wanda mutanen San Francisco suke ji da shi har gobe.

Akwai kuma wanda ni na fi so a duk tarihin Zeenut, kuma na garinku ne. A 1916 Oakland Oaks suka ɗauki wani mai jefa ƙwallo, Jimmy Claxton, aka gabatar da shi a matsayin ɗan asalin ƙabilun Amurka na farko, alhali yana da jinin baƙar fata. A lokacin an toshe wa baƙar fata ƙofar shiga waɗannan lig. Bai wuce 'yan kwanaki a kulob ɗin ba aka sallame shi, amma a cikin 'yan kwanakin nan mai ɗaukar hoton kamfanin alewa ya zo. Haka katinsa ya fita, shekara 30 kafin Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya wannan shinge, ya sa rigar Montreal Royals a 1946. Mutumin da bai yi suna a fili ba ya zama ɗaya daga cikin katunan da aka fi nema a jerin gaba ɗaya, saboda abin da hotonsa ya shaida. In ka ga Claxton a akwatinka, ka rufe shi, ka nemi gwani.

Obak da sauran dangi

Obak sunan taba sigari ne, kuma katunansa, wato T212, sun fito daga 1909 zuwa 1911: guda 76 a shekarar farko, 175 a ta biyu, 175 a ta uku. Ƙanana ne, kusan inci ɗaya da rabi a faɗi, tsawo kuma ya ɗan haura inci biyu da rabi. Ba hoton kyamara ba ne tsagwaronsa, zane ne mai launi da aka buga da tsohuwar fasahar ɗab'i ta kan dutse, shi ya sa launinsu yake da zurfi, da sararin sama ja da rawaya a bayan ɗan wasa. Juya bayan zai gaya maka shekara. Na 1911 bayansu jan rubutu ne, da ɗan taƙaitaccen bayani kan ɗan wasan. Na 1909 da 1910 shuɗin rubutu ne, kuma na 1910 sukan faɗi adadin katunan jerin. Na 1909 duk 'yan PCL ne, daga 1910 aka ƙara kulob na lig ɗin arewa maso yamma, irin su Spokane, Tacoma da Vancouver.

Sunayen da za ka nema a nan su ne Chick Gandil a 1909 da rigar Sacramento, da Buck Weaver a 1911 da rigar San Francisco. Dukansu suna cikin 'yan wasan Chicago White Sox takwas da aka haramta wa wasa har abada saboda badaƙalar sayar da wasan ƙarshe na 1919, kuma akwai masu tara duk abin da ya shafi mutanen nan takwas. Akwai wani kuma mai suna Ten Million, a 1911 da rigar Victoria. Sunansa na gaskiya ke nan, ma'anarsa miliyan goma, kuma sunan kaɗai ya sa katinsa ya fi na abokan wasansa tsada nesa ba kusa ba.

Sauran dangin zan ambace su a gurguje don ka gane su in ka ci karo da su a wani gida. Old Mill na 1910, T210, masu jan gefe, guda 640 ne na ƙananan lig na jihohin kudancin ƙasar Amurka, a ciki akwai Joe Jackson, ɗaya daga cikin mutanen nan takwas, da rigar New Orleans, da Casey Stengel da rigar Maysville. Bayan yaƙin duniya na biyu akwai na burodin Remar na Oakland Oaks, da na biskit ɗin Mother's Cookies na 1952 da 1953, da jerin Bowman na PCL na 1949 mai kati 36. A Kanada akwai Parkhurst na 1952, inda Tommy Lasorda yake da rigar Montreal.

Ƙunshin da ke cikin leda

A nan sai ka rage buri. A 1972 wani kamfani mai suna TCMA ya fara buga saitin kulob-kulob na ƙananan lig, ana sayarwa a filin wasa ko ta gidan waya. Na shekarun 1970 da farkon 1980 ba a buga su da yawa ba. Amma daga wajen 1987 zuwa farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su ProCards, Star, Best da CMC suka cika kasuwa, kowa kuma ya saya ya ɓoye yana jiran tsada. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada. Akasarin saitin waɗannan shekaru 'yan daloli ne.

Duk da haka kada ka zubar, ka duba kulob da shekara. Rickey Henderson yana cikin saitin Modesto na 1977 da na Ogden na 1979. Cal Ripken ƙarami yana cikin na Charlotte na 1980, mai shuɗin gefe na gidan talabijin da mai gefe ruwan lemo na 'yan sandan garin, sannan na Rochester na 1981. Ryne Sandberg yana Reading a 1980, Wade Boggs a Pawtucket a 1981, Tony Gwynn a Hawaii a 1982, Roger Clemens a Pawtucket a 1984, Greg Maddux a Pittsfield a 1986, Ken Griffey ƙarami a Bellingham a 1987. In saitin yana cikin ledarsa ta asali, ka bar shi a haka. Kuma ka sani an sake buga wasu saitin daga baya bayan 'yan wasan sun yi suna, wasu kuma an yi jabunsu kai tsaye.

Na ainihi ko jabu

Kama da wane ba ta wane. Kayan aikin da kake buƙata ba su da tsada: madubin nan na masu gyaran agogo mai ƙara girma sau goma, da 'yar fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, da rula.

Ka fara da madubi a kan rubutu. A tsohon kati, baƙaƙen haruffa tawada ce guda a shafe, gefenta a tsaye. A jabun da aka kwafa da na'urar zamani, in ka ƙara girman harafin za ka ga ɗige-ɗige na launuka daban-daban, shuɗi da ja da rawaya, sun taru sun yi baƙi. Haka farin gefen kati: a na ainihi takarda ce zalla, a jabu kuwa sau da yawa za ka ga an buga masa ɗige don ya yi kama da tsufa. Hoton Zeenut kansa yana da ɗige, amma masu launi ɗaya ne a jere. A Obak za ka ga launuka sun hau kan juna a shafe, da ɗigon da ba shi da tsari na inji, ba irin zagayen fure-fure da na'urar ɗab'in zamani take bari ba.

Sai fitila, a ɗaki mai duhu. Daga shekarun 1950 masu yin takarda suka fara zuba wani sinadari mai ƙara mata haske, kuma wannan sinadari yana walƙiya da shuɗi a ƙarƙashin fitilar. Katin da aka ce na 1911 ne, in ya yi walƙiya, magana ta ƙare. Amma rashin walƙiya bai wanke shi ba, don akwai takardun zamani da ba su da sinadarin. Fitilar tana kuma tona inda aka cike launi da alƙalami ko aka liƙa takarda.

Sannan tsufan kansa. Tsufan gaske ba ya zuwa daidai wa daida. Kusurwa ɗaya ta fi cinyewa, gefe ɗaya ya fi datti, inda yatsa ya saba kamawa. Masu jabu sukan jiƙa kati a ruwan shayi ko kofi, su goge kusurwoyi huɗu su zagaye su iri ɗaya. In ka ga kusurwoyi sun cinye amma fuskar kati sumul babu ƙarzuwa ko ɗaya, ka yi shakka. Rula kuma tana kama wata cutar daban: a ɗauki katin ainihi a rage gefensa da reza don kusurwoyi su yi kaifi. Kati ne na gaske, amma an taɓa shi, kuma darajarsa ta faɗi.

Wani abu da zai kwantar maka da hankali: mai jabu ba ya ɓata lokacinsa kan ɗan wasan da ba a sani ba. Akwati mai katuna arba'in na mutanen da ba su yi suna ba, daga gidan da ke cikin yankin da aka sayar da alewar, alama ce mai kyau ƙwarai. Shakka tana tashi ne in aka kawo maka babban suna shi kaɗai, babu 'yan rakiya. Ni kaina na taɓa sayen wani kati na farkon shekarun 1980 a wurin baje koli, daga hannun wani mutum da ya rantse daga filin wasa ya samo shi. Sai da na ajiye shi kusa da na wani abokin sana'a na ga farin kwalin ya bambanta, rubutun baya kuma ya fi kauri. Tun daga ranar ba na sayen kati mai tsada sai na kwatanta shi da wani daga jerinsa wanda na tabbatar da shi. Kai ma ka yi haka: katunanka marasa suna su ne ma'aunin da za ka gwada mai suna da su.

Abin da ke sa kuɗi

Ga abin da ke rikita sababbin shiga. Katunan ƙananan lig sun fi na babban lig ƙaranci, amma akasarinsu sun fi araha. Akwai Zeenut da ba a san kwafinsa ya wuce 'yan ƙalilan ba a duniya, amma in aka kai shi gwanjo, mutum biyu ko uku ne za su taya. Ƙaranci shi kaɗai ba ya sa tsada, sai ya haɗu da masu nema. Akwai kuma al'adar masu tarawa ta ɗaukar katin farko na babban lig a matsayin katin farkon ɗan wasa, ko da na ƙaramin lig ya riga shi fitowa. Shi ya sa katin Griffey na babban lig na kamfanin Upper Deck na 1989, wanda aka buga birjik, ya fi na Bellingham na 1987 suna.

Inda abin yake juyawa shi ne in yaron da ke hoton ya zama gagara-badau. Katin Babe Ruth da jaridar Baltimore News ta buga a 1914, yana ɗan shekara 19 a Baltimore Orioles ta ƙaramin lig, kusan guda goma aka sani, kuma an sayar da ɗaya dala miliyan 7.2 a watan Disamba na 2023. Katin Joe Jackson na Old Mill an sayar da ɗaya dala 492,000 a 2020. Duka biyun ba lafiyayyu ba ne sosai, makin da masu tantance kati suka ba su bai kai huɗu cikin goma ba. Na kawo su ne don ka ga tsarin: sunan ɗan wasa ne kan gaba, sai ƙarancin jerin, sai lafiyar kati. A katunan zamani lafiya ce kusan komai, a waɗannan tsofaffi kuwa ana yafe lanƙwasa da cinyewar kusurwa, don babu wadatar masu kyau.

Lafiyar kati ana auna ta da kusurwoyi, da gefe, da fuska, da yadda hoto ya zauna a tsakiya. Lanƙwasar da ta ratsa fuskar ɗan wasa ta fi wadda ke kusurwa illa. Rubutun biro, da tabon salatif, da ɓarewar takarda a baya inda aka ɓamɓare daga littafi, duk suna kai maki ƙasa sosai ko da fuskar tana da kyau.

A abin da na saba gani, Zeenut na ɗan wasan da ba a sani ba, marar tikiti, mai matsakaicin lafiya, kuɗinsa gomiyoyin daloli ne, Obak ma a wannan layi yake ko ya ɗan ɗara. Ka lissafa wannan sau arba'in da shida, za ka ga dalilin da ya sa na ce ka yi albarka da dala 300. Amma iyakata ke nan daga nesa. Ban riƙe katunan a hannu ba, kuma sa wa kati kuɗi daga bayanin baki cinikin biri a sama ne. Farashi kuma yana motsi, abin da aka biya shekara uku da suka wuce ba lallai a biya shi yau ba.

Don samun farashin yau, kuɗin da aka sallama za ka duba, ba wanda mai kaya ya sa ba. Kowa yana iya rubuta dala dubu a kan katinsa a eBay ya bar shi shekara biyu babu mai taya. Ka zaɓi jerin waɗanda aka riga aka sayar. Manyan gidajen gwanjo irin su Robert Edward Auctions, Heritage da Goldin suna barin sakamakon gwanjonsu na baya a buɗe. Ka nemi ciniki uku ko huɗu na kati iri ɗaya, shekara ɗaya, mai lafiya kusa da naka, mai tikiti ko marar tikiti kamar naka. Ka tuna kuɗin da suke bugawa ya haɗa da la'adar da mai saye ya biya, wadda takan kai kusan kashi ashirin cikin ɗari, don haka abin da ya shiga aljihun mai kaya bai kai haka ba.

Tantancewa da sayarwa

Akwai kamfanonin da ke duba kati, su tabbatar da shi, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba mai tauri. Manyansu PSA da SGC da Beckett, kuma masu tara katunan kafin yaƙin duniya na biyu sun saba da PSA da SGC. In kati na gaske ne amma an yanke shi ko an taɓa shi, sukan rubuta cewa na ainihi ne ba tare da maki ba. Suna kuma wallafa adadin kowane kati da ya bi ta hannunsu, wanda ke taimakawa wajen gane ƙaranci, ko da yake bai ƙirga waɗanda ke kwance a akwatuna irin naka ba.

Ba kowane kati ya cancanci a kai shi ba. Ana biya ne a kan kowane ɗaya, kuma kuɗin yana hawa da darajar katin. In kati na dala talatin ne, kuɗin tantancewa da na aikawa za su cinye ribar. Shawarata, babban suna ko mai tikiti ka kai, sauran ka sayar da su a yadda suke, ko dai ɗaiɗai ko rukuni-rukuni bisa shekara ko kulob, tare da hoto mai kyau na gaba da baya. In ka sami babba na gaske, gidan gwanjo ya fi, su za su ɗauki nauyin tantancewa, kuma la'adar mai kaya abar ciniki ce in kayan na da daraja. Ka ji ta bakin gida biyu kafin ka sa hannu. Ribar irin wannan ciniki ana biyan haraji a kanta a Amurka, don haka ka ajiye rasit.

Kafin duk wannan, roƙona ɗaya: kada ka gyara komai. Kada ka goge da ruwa, kada ka sa magogin fensir, kada ka danne da dutsen guga, kada ka daidaita yagaggen ƙasan Zeenut da almakashi. Garin gyaran gira ake rasa ido, kuma na ga katuna masu kyau da suka rasa rabin kuɗinsu a hannun mai kyakkyawar niyya. In akwai waɗanda ke manne a littafi, ka bar su a manne. In an ɗaure wasu da robali, ka yanke robalin, kada ka ja shi. Kowane kati ka sa shi a 'yar leda mai laushi ta katuna, sannan a roba mai tauri, ka ajiye inda babu rana, babu ɗanshi, ba a gareji ba.

Akwai wata magana da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Dattijuwar ta ba ka kyauta da bakinta, kayan naka ne. Sai dai in bincike ya nuna akwai kati mai kuɗi masu yawa a ciki, ni a ganina ka koma ka sanar da ita, domin ta bayar ne ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Kuma akwai amfani ko ta fuskar ciniki: in ta gaya maka sunan unguwar da mahaifinta ya tashi da yadda ya tara su, ka rubuta ka ajiye tare da katunan, don masu saye suna daraja kayan da aka san asalinsu.

Yanzu ka sami takarda ka yi layi huɗu: sunan da ke kan kati, kulob, shekara in akwai, da ko tikiti yana nan. Ka ɗauki hoton gaba da bayan kowanne a hasken rana, a kan baƙin ƙyalle, yadda gefuna huɗu za su fito. Na cikin leda kuma kulob da shekara sun isa. In ka turo wannan jeri, zan nuna maka waɗanda za ka ware don tantancewa da waɗanda za ka iya sallamawa.